Ranar da Shekarau Ya Ci Muhawara: Yadda Aka Auna 'Yan Takarar Shugaban Ƙasa a 2011

A ranar Juma'a, 18 ga Maris 2011, saura makonni huɗu a kaɗa ƙuri'ar shugaban ƙasa, mutum uku suka tsaya gaban kyamarorin tashar talabijin ta NN24 a Abuja, kowa da nufin nuna wa 'yan Najeriya cewa shi ya fi cancanta da kujerar. Akwai Janar Muhammadu Buhari na CPC, da Malam Nuhu Ribadu na ACN, da Malam Ibrahim Shekarau na ANPP, wanda a lokacin yake gwamnan Kano. 'Yar jarida Kadaria Ahmed ce ta riƙe akalar tambayoyin. Na huɗun da aka gayyata, Shugaba Goodluck Jonathan na PDP, bai zo ba.

Ba a jima ba hukunci ya fito. Masu sharhi a jaridun Legas da Abuja, da matasan da ke tafka hira a Facebook da Twitter, kusan bakinsu ya zo ɗaya cewa Shekarau ne ya yi zarra. Mutane da yawa a Kudu a ranar suka fara jin muryarsa, suka kuma yi mamakin yadda yake jero amsa cikin natsuwa, ba inda-inda, ba ɗaga murya. Da aka kaɗa ƙuri'a ranar 16 ga Afrilu, wanda ya yi zarrar shi ya zo na huɗu da ƙuri'a 917,012, abin da bai kai kashi 3 cikin ɗari ba. Wanda ya ƙi zuwa ya samu fiye da miliyan 22. Buhari, da masu sharhi suka ce bai taɓuka abin a zo a gani ba a zauren, ya samu fiye da miliyan 12, har ya lashe Kano, jihar da Shekarau ya shekara takwas yana mulkinta.

Mai saurin yanke hukunci zai ce ai ga shaida nan, muhawara ba ta da amfani a ƙasar nan, ko kuwa ya ce talaka ba ya duba cancanta. Ban yarda da ko ɗaya ba. An auna waɗannan mutane sosai a 2011, an yi gardama a kansu dare da rana. Amma inda masu ƙuri'a suka yi nasu awon daban, inda 'yan takara suka tsaya amsa tambaya daban, kuma babu wanda ya damu ya haɗa wuraren biyu. Abin da wannan ya jawo mana shi ya sa har yau lamarin bai fita raina ba.

Yadda aka iso nan

Rasuwar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ranar 5 ga Mayu 2010 ita ta dagula lissafin kowa. PDP tana da yarjejeniyar karɓa-karɓa tsakanin Kudu da Arewa. Obasanjo ya yi shekara takwas, 'Yar'aduwa bai cika uku ba ajali ya riske shi, saboda haka manyan 'yan siyasar Arewa da dama suka ce sauran zangon nasu ne. Ƙungiyar da Malam Adamu Ciroma ya jagoranta ta zauna ta tace tsakanin Ibrahim Babangida, Aliyu Gusau, Bukola Saraki da Atiku Abubakar, ta fitar da Atiku a Nuwamba 2010. A zaɓen fitar da gwani na Janairu 2011 a dandalin Eagle, Jonathan ya samu ƙuri'a 2,736, Atiku 805. Gwamnonin PDP na Arewa, waɗanda wakilai ke hannunsu, mafi yawansu Jonathan suka yi.

Daga nan duk wanda ke jin an yi wa Arewa ƙwace sai ya juya ga 'yan adawa, ya tarar da 'yan Arewa uku, Musulmi uku, kowa da tutarsa: alƙalamin CPC, tsintsiyar ACN, masarar ANPP. Kowannensu ya ɗauko mataimaki daga Kudu. Buhari ya ɗauki Fasto Tunde Bakare, Ribadu ya ɗauki ma'aikacin banki Fola Adeola, Shekarau ya ɗauki tsohon gwamnan Edo, John Odigie-Oyegun. Tun kafin a kunna kyamara, tambayar da ke bakin mutane ba ta tsaya kan wa ya fi wani tsari ba. Ta koma wane ne a cikin ukun zai iya kayar da lemar PDP.

Abin da kowa ya shigo da shi zauren

Babu baƙo a cikinsu. Kowa yana da tarihin riƙe amanar jama'a da za a iya buɗewa a karanta, kuma nan ne muhawarar ta yi armashi, domin mai tambayar ba ta tsaya kan alƙawura kaɗai ba, ta koma da kowa ga abin da hannunsa ya riga ya aikata.

Buhari yana da shekara 68, karo na uku ke nan yana nema bayan 2003 da 2007. Jarinsa shi ne sunan da ya yi na rashin taɓa dukiyar gwamnati, duk da ya riƙe ma'aikatar man fetur a zamanin mulkin soja na Obasanjo, ya shugabanci ƙasa daga ƙarshen 1983 zuwa Agusta 1985, ya kuma riƙe asusun rarar kuɗin man fetur, PTF, a zamanin Abacha. Nauyin da ke kansa shi ma daga can yake. Doka ta 4 da aka ɗaure 'yan jaridar Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, a ƙarƙashinta. Doka ta 2 mai ba da damar tsare mutum ba shari'a. Harbe mutum uku a 1985 kan safarar miyagun ƙwayoyi da dokar da aka mayar da aikinta baya. Tambayar da ke gabansa mai sauƙin faɗa ce: wanda ya yi mulki da dokar soja, yaya zai yi da majalisa da kotu da jarida? Amsoshinsa gajeru ne, kuma kusan kowace matsala aka kawo sai ya mayar da ita ga tushe guda, wato sata da rashin ɗa'a, a toshe su sauran za su gyaru. Ga mai kallo a Legas da ke jiran jin mataki na ɗaya da na biyu da na uku, wannan ya yi kama da rashin shiri. Ga magoya bayansa kuwa, abin da suke son ji ke nan.

Ribadu shi ne ƙarami, shekararsa 50, ɗan sanda kuma lauya daga Yola, shugaban EFCC na farko daga 2003 zuwa 2007. A hannunsa aka ɗaure tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, Tafa Balogun, abin da ba a taɓa gani ba. Shi ne ya bayyana cewa tsohon gwamnan Delta, James Ibori, ya ba shi cin hancin dala miliyan 15, ya kai kuɗin Babban Banki ya ajiye. A ƙarshen 2007 aka ɗauke shi daga kujerar aka tura shi kwas a Kuru, daga baya aka rage masa muƙami, har ya bar ƙasar. Duk wannan abin tinƙaho ne. Amma an daɗe ana zarginsa da cewa EFCC ta lokacinsa ta fi kaifi a kan waɗanda Obasanjo ke fushi da su, musamman gab da zaɓen 2007. Ga kuma wani ƙulli: a 2006 ya gaya wa Majalisar Dattawa cewa ana binciken gwamnoni 31, yanzu ga shi yana takara a jam'iyyar da ɗaya daga gwamnonin wancan zamani, Bola Tinubu, yake juya ta. Ya yi magana da zafin rai, irin na wanda abin ke ci wa tuwo a ƙwarya. Wasu suka ga kishi, wasu suka ga garaje.

Shekarau malamin lissafi ne, ya yi shugabancin makarantun sakandare, ya kai babban sakatare a gwamnatin Kano kafin ya shiga siyasa. Wanda ya shekara da shekaru yana tsayawa gaban aji ya san yadda ake ɗaukar tambaya mai ƙaya a warware ta daki-daki, kuma a ranar wannan horon ya yi masa rana. Shi ne gwamnan Kano na farko da ya ci zango biyu a jere. Nasa nauyin ba ƙarami ba ne: hukumar Hisbah da taƙaddamarta da gwamnatin tarayya, hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, matsin da hukumar tace fina-finai ta yi wa 'yan fim har aka ɗaure wasu, da dakatar da allurar shan inna daga 2003 zuwa 2004 wanda ya jawo wa jihar surutu a duniya. Duk da haka bai nuna ko gezau ba. Ya kare gwamnatinsa da harshe mai laushi, ya yi maganar ilimi da gina ɗan'adam kamar mai karanto abin da ya daɗe da haddacewa.

A nan ya kamata a faɗi wata gaskiya. Iya amsa tambaya cancanta ce, ba ado ba ce. Shugaban da ba zai iya bayyana wa jama'a dalilin abin da yake yi ba, zai sha wuya ranar da ya buƙaci su yi haƙuri da shi. Amma kuma iya amsa ba ya nufin amsar daidai take. Mai tambaya ɗaya da 'yan mintoci ba za ta iya bin kowace magana har gindinta ba, kuma masu kallon da suka fi yabon Shekarau su ne waɗanda ba su taɓa zama Kano ba, ba su da abin da za su gwada maganarsa da shi.

Wanda bai zo ba

Ɓangaren Jonathan suka ce shugaban zai halarci muhawarar da ƙungiyar kafofin watsa labarai ta ƙasa, BON, ke shiryawa, domin ita ce za ta isa ga kowa. A daidai wannan tsakanin aka nuna shi a talabijin yana hira da wani fitaccen mawaƙi a matsayin ganawa da matasa, hirar da ba a yi masa tambaya ko ɗaya mai nauyi ba. Wasu ƙungiyoyin matasa suka shirya tasu muhawarar, nan ma bai je ba. Sai 'yan adawan uku suka rama, suka ce tun da ya raina tasu, su ma ba za su je tasa ba. Ranar 30 ga Maris Jonathan ya tsaya shi kaɗai yana amsa tambayoyi a gidajen talabijin da rediyo na ƙasa.

A ganina wannan shi ne babban kuskuren 'yan adawa a kakar gaba ɗaya, ya fi ma rushewar ƙawancensu. NN24 a lokacin tasha ce ta tauraron ɗan'adam, sai mai kuɗin biyan wata-wata da wutar kunna talabijin. Muhawarar BON kuwa ita ce wadda NTA da Rediyon Najeriya da tashoshin jihohi za su ɗauka har ƙauye. Dama ɗaya tak da aka samu ta tsayar da shugaba mai ci kusa da masu ƙalubalantarsa, a gaban mafi yawan jama'a, ita aka yar saboda fushi. Fushin yana da hujja, amma wanda ya yi asara shi ne mai ƙuri'a.

Jonathan bai rasa abin nunawa ba. Yana da labarin yaron Otuoke da ya tafi makaranta ba takalmi har ya kai ga digiri na uku, labarin da ya ratsa zukata a Kudu da tsakiyar ƙasa. Shi ne ɗan yankin Neja Delta na farko a kujerar. Ya naɗa Farfesa Attahiru Jega shugaban hukumar zaɓe, naɗin da har abokan hamayya suka yaba. Ya ƙaddamar da taswirar gyaran wutar lantarki a Agusta 2010, ya amince da sabbin jami'o'in tarayya tara, ciki har da na Dutse, Dutsin-ma da Kashere. Amma babu ranar da ya tsaya kusa da wani ya kare shekara goma sha biyu na mulkin PDP, ko ya yi bayanin dalilin da wutar da ƙasar ke samarwa ba ta kai megawat 5,000 ba bayan maƙudan kuɗin da aka zuba.

Inda aka yi ainihin awon

Duk wanda ya zauna Kano, Kaduna, Katsina ko Bauchi a waɗannan watanni ya san ba a rasa muhawara ba. Tana teburin mai shayi, tana majalisar bakin titi bayan la'asar, tana cikin motar haya, tana bakin sojojin baka a shirye-shiryen siyasa irin Kowane Gauta na Freedom Radio, tana sassan Hausa na BBC da Muryar Amurka da DW da RFI safe da yamma. Da Hausa ake yinta, kuma ma'auninta ɗaya ne ya rinjayi sauran: wa za a ba ajiya ya dawo da ita?

Wannan ma'auni ba na jahilci ba ne. Matan da za su zaɓi uwar adashi ba sa neman wadda ta fi iya zance, wadda ba ta taɓa cin zubi ba suke nema. Mutumin da ya ga an yi ta faɗa masa tsare-tsare masu daɗin ji tun 1999, ya ga kuɗin mai ya ƙaru amma masaƙun Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, yana da dalilin da zai ce matsalar ba ta rashin tsari ba ce, ta ɓarayi ce. Shi ya sa laƙabin Mai Gaskiya ya fi kowace takardar manufa ƙarfi. Masu Buhari za su nuna maka titin da PTF ta yi, su tuna maka magungunan asibiti da littattafan makaranta masu tambarinta. Hujja ce da ido ya gani.

Masu Shekarau su ma suna da abin faɗa: biyan albashi da fansho a kan kari, ɗaukar ma'aikata, matatar ruwa ta Tamburawa, shirin A Daidaita Sahu, girmama malamai da sarakuna. Amma a majalisa ba a nan ake tsayawa ba. Sai a tuna masa cewa guguwar Buhari ce ta kawo shi a 2003, lokacin da aka yi ANPP sak aka kayar da Kwankwaso, daga baya suka ɓata. Kalmar butulci ta yi yawo, ko da adalci ko babu. Sannan ga zargin da ya fi kowane ciwo, cewa shi da Ribadu raba ƙuri'ar Arewa kawai za su yi. Da zarar an ɗora wa ɗan takara wannan, duk iya bayaninsa ya tashi a banza, domin ba a ƙara sauraron abin da yake faɗa, sai dai a tambayi wa ya aiko shi.

Abin da ya ɓace a wannan muhawara ta majalisa shi ne ɗan takarar kansa. Ana yi masa shaida, ana kare shi, ana yi masa waƙa, amma ba ya nan balle a ce masa: to Janar, in ka kama ɓarayin, sai kuma me? Yaya za ka yi da tallafin mai? Da wa za ka yi aiki a majalisa alhali jam'iyyarka ba ta kai shekara biyu ba, kuma rigimar 'yan takara ta dabaibaye ta a Kano da Katsina da Bauchi? Me za ka ce wa Kiristan Kudu da aka gaya masa kai mai tsattsauran ra'ayin addini ne, ko da ka sha musantawa? Hatta batun PTF, kwamitin da gwamnatin Obasanjo ta kafa bayan rushe asusun ya yi zargin ɓarnar kuɗi a ayyukan da kamfanin masu ba da shawara ya kula da su. Masoyi na gaskiya shi ya fi kowa cancantar jin amsar waɗannan. Amma a wancan yanayi, wanda ya yi irin wannan tambaya a bainar jama'a yana iya kwana da sunan ɗan PDP ko maƙiyin Arewa.

Haka ma a ɗaya ɓangaren. A coci-coci da tarukan gari na Kudu maso Gabas da Kudu maso Kudu, ana yi wa Jonathan irin wannan shaidar, ba a tambayarsa komai. Kowane yanki ya zauna da gwaninsa yana jin muryar kansa.

Akwati da abin da ya biyo baya

Kwanaki kaɗan kafin zaɓe aka yi yunƙurin ƙarshe na haɗa CPC da ACN domin Ribadu ya janye wa Buhari. Maganar ta watse a kan kujerar mataimaki. Zaɓen 'yan majalisa da aka ɗage daga 2 zuwa 9 ga Afrilu saboda rashin isowar kayan aiki ya riga ya nuna cewa CPC ba ta da kafa a Kudu. Duk da haka, a titunan Arewa an riga an gama yanke hukunci: taron da ake gani a wuraren kamfen ya isa shaida, ba yadda za a yi Janar ya faɗi sai da maguɗi. Kiran da ake yi shi ne a kasa, a tsare, a raka.

Sakamako ya fito da taswirar da ta tsaga ƙasar biyu. Buhari ya ci jihohi 12, dukkansu a Arewa: Kano, Katsina, Kaduna, Jigawa, Zamfara, Sakkwato, Kebbi, Neja, Bauchi, Gombe, Yobe da Barno. Jonathan ya ci 23 da Abuja, ya kuma samu kashi ɗaya bisa huɗu a jihohi 31, ya wuce sharaɗin kashi biyu bisa uku na jihohi da tsarin mulki ya gindaya. Ribadu ya samu ƙuri'a miliyan 2 da 'yan kai, jihar Osun kaɗai ya ci, ko Adamawa bai samu ba, kuma sauran jihohin Yarbawa da ACN ke da ƙarfi Jonathan suka yi. A Kano Buhari ya haura miliyan 1.6, Shekarau ya samu rabin miliyan da ɗoriya. Wato fiye da rabin duk ƙuri'un da Shekarau ya samu a faɗin ƙasar daga Kano suka fito. Yabon da ya sha a Legas bai zama ƙuri'a ba, domin ANPP ba ta da mutanen da za su bi gida-gida a can, kuma masu yabon da yawansu sun riga sun tsayar da wanda za su yi. Kwana goma bayan haka, ɗan takararsa na gwamna, Salihu Sagir Takai, ya faɗi a hannun Kwankwaso da tazara kaɗan.

CPC ta yi ƙorafi kan alƙaluman wasu jihohin Kudu maso Kudu da Kudu maso Gabas, inda aka ba Jonathan fiye da kashi 95 cikin ɗari tare da fitowar jama'a mai yawan ban mamaki. Ƙorafi ne da ya cancanci a duba, kuma an kai shi kotu, har Kotun Ƙoli ta tabbatar da nasarar Jonathan a Disamba 2011. Masu sa ido na gida da waje suka ce duk da kurakuransa, zaɓen ya fi na 2003 da 2007 nesa ba kusa ba.

Amma titi bai jira kotu ba. Tun ana tattara sakamako tarzoma ta ɓarke. Aka ƙona gidajen manyan 'yan PDP da na wasu masu sarauta, har da gidan mataimakin shugaban ƙasa Namadi Sambo a Zariya. Aka ƙona coci-coci da masallatai. A Bauchi aka kashe masu yi wa ƙasa hidima goma da suka yi aikin zaɓe. A kudancin Kaduna, a Zonkwa da Kafancan da kewaye, aka yi wa ɗaruruwan mutane kisan gilla, mafi yawansu Musulmi. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 800 suka mutu cikin kwana uku, kimanin 65,000 suka rasa matsuguni. Kwamitin binciken tarzomar da Sheikh Ahmed Lemu ya jagoranta ya lissafa dalilai da dama, ciki har da ƙishirwar canji, da yadda rigimar karɓa-karɓa ta rikiɗe ta zama ta addini da ƙabila, da kalaman 'yan siyasa da magoya baya suka fassara yadda suka ga dama.

Ba ina cewa muhawarar talabijin ɗaya za ta hana wannan jini zuba ba. Talauci da rashin aikin yi da tsofaffin gaba sun fi ƙarfin haka. Abin da nake cewa shi ne, saurayin da ya ɗauki gora a ranar bai taɓa ganin gwaninsa tsaye kusa da abokin hamayya suna musayar hujja, su gama su yi musabaha ba. Bai taɓa jin wani ya yi masa bayani da harshensa cewa akwai miliyoyin mutane a wani sashe na ƙasar da suke son wancan kamar yadda yake son wannan, kuma suna da nasu dalilan ba. Wanda aka raine shi a kan cewa gwaninsa ba ya da na biyu, faɗuwa ba ta da wata fassara a wurinsa sai sata.

Tambayoyin da ba a yi ba

Kusan wata tara bayan zaɓen, ranar 1 ga Janairu 2012, gwamnati ta janye tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 140. Ƙasa ta tsaya cik, Kano da Legas suka cika da masu zanga-zanga, aka yi asarar rayuka, kafin a sauko da farashin zuwa naira 97. Da yawa cikin waɗanda suka fito titi a Legas su ne suka zaɓi Jonathan a Afrilu. Mataki mafi girma da ya taɓa aljihun kowa a zangon, ba a taɓa tsayar da Jonathan gaban abokan takararsa ya faɗa ko zai ɗauka ba.

Haka batun tsaro. Kafin zaɓen an riga an fasa gidan yarin Bauchi a Satumba 2010, bama-bamai sun tashi a Jos a jajibirin Kirsimeti, an harbe ɗan takarar gwamnan Barno na ANPP, Modu Fannami Gubio, a Janairu 2011. Alamu sun bayyana. Bayan zaɓe aka kai hari hedikwatar 'yan sanda a Yuni, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Agusta, sannan Kano ranar 20 ga Janairu 2012. Ƙasar ta shiga wannan bala'i ba tare da ta ji mutum huɗun da suka nemi jagorancinta sun zauna wuri ɗaya sun faɗi yadda kowa zai tunkare shi ba.

'Yan siyasa sun ɗauki darasi daga 2011, amma ba wanda ake fata ba. Sun gane cewa wanda ke gaba ba ya asarar komai in ya ƙi zuwa. A 2013 jam'iyyun nan uku da suka kasa haɗuwa suka narke cikin APC. A 2015 Buhari ne ya ƙi muhawara, Jonathan ya je, Buhari ya ci. A Janairu 2019 Buhari bai zo ba, Atiku ya iso wurin ya ga babu shi ya juya, aka bar Oby Ezekwesili da Kingsley Moghalu da Fela Durotoye. A kakar 2023 Tinubu ya ƙaurace wa zaurukan da aka haɗa 'yan takara, shi ma ya ci. Rabon da manyan 'yan takara biyu su fuskanci juna a talabijin yadda kowa ke tunawa, tun Abiola da Bashir Tofa a 1993. Babu dokar da ta tilasta, kuma ko an yi ta, doka ba za ta sa mutum ya faɗi gaskiya ba.

Abin da zai sa su zo shi ne ranar da ƙin zuwa zai ci musu ƙuri'a, kuma hakan ba zai faru ba sai muhawarar ta isa kunnen masu ƙuri'ar da harshen da suke gardama da shi. An gwada a matakin jiha: BBC Hausa ta haɗa 'yan takarar gwamna a Kano da wasu jihohi a 2019 da 2023, da Hausa, kuma washegari maganar da aka yi a zauren ita ake juyawa a kasuwa. A matakin shugaban ƙasa aikin ya fi wuya, domin ba kowane ɗan takara ke jin Hausa ba, amma tafinta ba su ƙare ba, kuma gidajen rediyon Kano, Kaduna, Sakkwato da Maiduguri sun fi na 2011 yawa da ƙarfi. Suna iya haɗa kai su tsayar da rana ɗaya tun kafin a fara kamfen, su sa a fassara kai tsaye, su karɓi tambayoyi daga manoma da 'yan kasuwa da malaman makaranta, su kuma sanar da masu sauraro sunan duk wanda aka gayyata ya ƙi zuwa, safe da yamma, har ranar zaɓe.